Yaran bencin baya, su ma ɗiyanmu ne

 Yau ba maganar taki na zo da ita ba, ba kuma ta rigakafin bisashe ba. Maganar ɗiyanmu ce, waɗanda muke turawa lakwal kowace safiya.

Kowace shekara, in damana ta kawo kai, ƴan aji na shida suna zaman jarabawar sartifika. Ranar da sakamako ya fito, gari duka sai ya ɗauka. Gidan da yaro ya ci a yi guɗa, a raba goro. Mushe ya sha albarka. Wannan daidai ne. Wanda ya yi aiki ya kamata a yaba masa.

Amma akwai yaran da ba a kiran sunansu ranar nan. Akwai waɗanda ko ɗakin jarabawar ba a kai su ba. Akwai waɗanda suka zube tun a hanya, a aji na uku ko na huɗu. Ba mai tambayar labarinsu. In an tuna da ɗayansu, magana guda ce: "Ai wane ba ya da kai." A lakwal, wurin zamansu sananne ne: can baya, jikin bango. Ni ma can na zamna. Shi ya sa zan ba ku labarin wurin, don na san shi ciki da bai.

Jarabawa tiya ce

Bari mu fara da yadda abin yake. Lakwal ta farko aji 6 gare ta: CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2. Shekara 6 ke nan ga yaron da bai maimaita aji ba. A ƙarshe sai jarabawa, wadda a takarda ake kira CFEPD. Ita ce takardar shaida ta farko da ɗan lakwal ke samu. An daina yin ta a ƙasarmu wajen shekara 10, sa'an nan a 2024 aka maido da ita.

Ni ban ƙi jarabawa ba. Jarabawa kamar tiya ce. Kowane manomi yana son ya san abin da gonarsa ta ba shi. Sai dai tiya awo take yi. Ba ta shuka, ba ta noma. Kuma abin da aka kawo gabanta shi kaɗai take aunawa. Abin da ya lalace a gona ba ta san da shi ba.

Ga kuma abin da uwaye da yawa ba su lura da shi ba. Ranar jarabawa, har da malamin ake aunawa. Ana tambayar darakta: kashi nawa cikin 100 suka ci a wurinka? Mai duba makarantu shi ma haka na sama da shi ke tambayarsa. Inda aka samu kashi 80, darakta ya yi suna. Inda aka samu 30, ya sha kunya. Mu ma uwaye tambayar da muke yi ke nan a bakin kasuwa.

To, ku sa kanku a matsayin mushe. Yara 60 ko 70 a gabansa. Darussan da zai ƙare kafin watan Yuni suna da yawa, watannin kuwa kaɗan ne. Manomin da gonarsa ta yi faɗi, hauyarsa guda, in ciyawa ta taso masa, mi yake yi? Yana zaɓen inda hatsi ya fi kyau ya nome, ya bar sauran. Haka mushe yake yi. Ya ware 15 ko 20 da yake ganin za su ci. Su ke gaba. Su ake yi wa tambaya. Su ake tsayarwa da marece a ƙara musu. Sauran a ce su yi shiru, kada su dami masu karatu.

Wani wurin ma akwai wata dabara. Yaron da ake tsoron zai faɗi, sai a riƙe shi a CM1, ko a ce da ubansa bana kada a rubuta sunansa. Ku yi lissafin da kanku. In yara 40 suka zamna, 20 suka ci, kashi 50 ke nan. In an cire 15 masu rauni, 25 suka zamna, 20 ɗin nan suka ci, ya zama kashi 80. Ko yaro ɗaya bai ƙaru da ilimi ba, amma lissafi ya yi kyau.

Yadda na zamna a baya

Na shiga lakwal zamanin shugaba Seyni Kunce, a wani gari na jihar Maraɗi. Mun fi 60 a ajinmu. Lokaci lokaci ana yi mana gwaji, a jera mu. Na ɗaya ya zamna gaba, kusa da babban allo. Na ƙarshe ya tafi baya. Gwajin farko na zo kusa da ƙarshe, aka kai ni jikin bango. Daga ranar ban sake matsowa gaba ba.

Daga can, in na dubi allo, sai in ga kamar hazo ya sauka a kansa. Ina ganin farin alli, amma ba na raba wannan baƙi da wancan. Ina tsammanin kowa haka yake gani, su dai sauran sun fi ni wayo ne. Sai in leƙa ɗan allon na kusa da ni in kwafa. Shi ma ɗan baya ne. Kuskurensa da nawa suka haɗu.

Ko da na san ciwo ne, da wane baki zan faɗa? A lokacin, yaron da ya yi Hausa a lakwal ana rataya masa wani abu a wuya, ana ce da shi sambol. Wanda aka tashi abin yana wuyansa ya sha bulala. Ni kuwa Faransancina bai kai in ce "ba na gani" ba. Sai na koyi yin shiru.

Abin da muka fi tsoro shi ne dikte, wato shifta. Mushe yana faɗa, muna rubutawa. Kuskure 5, sifiri. Wanda ya yi kuskure 6 da wanda ya yi 40 duk ɗaya ne. Yaron da ya yi fama ya sauko daga 40 zuwa 10, shi ma sifiri ne. Ba inda ake rubuta ƙoƙarinsa. Wa zai ci gaba da ƙoƙarin da ba a gani?

Na maimaita CE2. Na maimaita CM1. Da muka kai CM2, aka raba mu biyu ba tare da an faɗa ba. Waɗanda ake sa ran za su ci suna ciki, suna aikin jarabawar shekarun baya. Mu kuwa mu ne masu ɗebo ruwa, masu share fili, masu ban ruwa a lambun lakwal. Na zamna jarabawa sau ɗaya, na faɗi. Aka ce shekaruna sun wuce. Shekara 8 na yi. Na fito na iya rubuta sunana, na kuma haddace waƙoƙin Faransanci da ban san ma'anarsu ba. Na fito da suna na biyu: daƙiƙi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai yi faɗa ba. Ya miƙo mini hauya, ya ce: "To, karatu ba rabonka ba ne."

Sai da na kai shekara 30 na raka mahaifiyata wurin lokotoron ido a Maraɗi. Ya ga yadda nake ƙanƙance ido ina duban bango. Ya ce: "Kai ma zamna." Ya gwada ni, ya ce ba na ganin nesa, kuma abin ya daɗe. Aka yi mini madubin ido. Daren da na sa shi, na ɗaga kai na ga Kaza da ƴaƴanta, tauraro ɗai-ɗai. Da can farin tabo kawai nake gani a wurin.

Ranin da ya biyo na shiga ajin yaƙi da jahilci. Na zamna gaba. Malamin yana magana da harshen da nake ji. Kafin ruwa ya sauka ina karanta Hausa. Da na waiwaya, da yawa cikin ƴan ajin tsofaffin ƴan bencin baya ne. Kan da aka ce babu, ga shi ya ɗauki karatu, wasu ma da furfura. Na san cikin masu karanta wannan jarida akwai irinmu.

Ruwa ba ya tsami banza

Tun daga nan, in na ji an ce yaro ba ya da kai, sai in ce a bincika. Ga abubuwan da na gani suna kai yaro baya.

Na farko, ido. Kun ji nawa. Yaro ba ya sanin idonsa na da rauni, don bai taɓa gani da idon wani ba.

Na biyu, kunne. Sanƙarau da ke zuwa da zafin rani, in bai kashe ba, yakan bar yaro da kurunta. Ƙyanda ma tana yin haka. Kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya yana rage ji. Irin wannan yaro yana ganin bakin mushe na motsi, amma rabin maganar ba ta iso shi. Sai a ce taurin kai gare shi. Ranar shifta, ta yaya zai rubuta abin da bai ji ba?

Na uku, yunwa. Yaron da ya taka kilomita 4 ko 5, ba ko kunu a cikinsa, kafin hantsi barci yake yi. Jarabawa kuwa tana zuwa daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Na huɗu, harshe. Yaro ya tashi da Hausa, ko Fulatanci, ko Tamajak, ko Zabarmanci, ko Kanuri. Ya shiga aji, a ce ya koyi karatu da harshen da bai taɓa ji ba. Kaya biyu aka aza masa lokaci guda: ga baƙaƙe, ga baƙon harshe. Ɗan ma'aikaci a birni yana jin Faransanci tun a gida. Ɗan manomi sai a aji. Amma ranar jarabawa takarda iri ɗaya ake ba su.

Na biyar, rashin zuwa. Ana buɗe lakwal a watan Oktoba, lokacin aikin kaka. Ajin rumfa sai an samu kara da zana, wani wuri sai makonni sun wuce. Ruwan farko ya zo da iska, rumfa ta faɗi, yara su koma shuka. Ɗan makiyayi ya bi bisashe neman ruwa da ciyawa. Ɗiya mace ta tsaya daka, ko reno, ko talla ranar kasuwa. Karatu kuwa kamar gini ne. In yaro ya rasa lokacin da ake koyon haɗa baƙaƙe, duk abin da aka aza a kai ba ya zama. Darasi kuma ba ya jira.

Na shida, akwai yaran da Allah ya yi su masu tafiya sannu. Ido lafiya, kunne lafiya, amma abin da wani ya ɗauka sau ɗaya, su sai an maimaita sau biyar. Wasu baƙaƙe ke juye musu, b da d su zame musu ɗaya, alhali a lissafin kasuwa ba ka cin su. Yatsun hannu ma ba tsawonsu ɗaya ba. Sannu ba ta hana zuwa. Amma ajin da ke gudun jarabawa ba ya da lokacin mai sannu.

Sai kuma waɗanda ko bencin baya ba su samu ba: makafi, kurame, guragu da masu farfaɗiya. Su a gida ake barin su, ko a tura su bara. Mai farfaɗiya ma har gudunsa ake yi, alhali ba a ɗaukar farfaɗiya, ko ta yawu ko ta taɓawa, kuma tana da magani a likita.

Bencin baya ya fi na gaba yawa

Kada ku ce ai ƙalilan ne. Akwai wani awo da ƙasashen Afirka masu karatu da Faransanci suke yi tare, sunansa PASEC. Ba a ba da takarda a kansa. Ana yin sa don a san ko yara sun iya karatu da lissafi. A 2014, a nan Nijar, cikin yara 100 da suka kai ƙarshen lakwal ta farko, ba su kai 10 ba waɗanda suka iya karatu yadda ake bukata. A 2019 an samu ci gaba, suka kai wajen 30. Ke nan wajen 70 suna baya.

Ku lura da wani abu. Yaran 2014 sun taso lokacin da ake sartifika. Na 2019 sun ƙare lokacin da babu ita. Da ita da babu ita, mafi yawa ba su samu karatun ba. Ɗauke tiya bai cika rumbu ba. Maido da ita ma, ita kaɗai, ba za ta cika shi ba. Aikin yana gona, a aji na ɗaya da na biyu, inda yaro ke koyon baƙi.

A takarda kuwa an daɗe da yanke magana. A 1994, a garin Salamanka na ƙasar Sipaniya, gwamnatoci 92 suka taru tare da hukumar UNESCO. Suka yarda cewa lakwal ta kowa ta karɓi kowane yaro, mai naƙasa da marar naƙasa, mai sauri da mai sannu, kuma ita ce za ta gyara kanta ta dace da yaron. A 1998 dokar ilimi ta ƙasarmu ta ce ilimi haƙƙi ne na kowane ɗan Nijar. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin naƙasassu.

A Yamai akwai lakwal ta makafi mai sunan Soli Abdurahaman, inda ake karatu da yatsa a kan ɗigo masu tudu. Akwai ta kurame mai sunan Hasan Bana Ba. Wannan ya nuna makaho da kurma suna karatu sarai. Sai dai irin waɗannan a birane suke, mu kuwa mafi yawanmu a ƙauye muke. Yaron ƙauye, in lakwal ta garinsu ba ta karɓe shi ba, ba inda za shi.

Maganar harshe ma ba sabuwa ba ce. Tun 1973 aka buɗe a Damagaram lakwal ta gwaji, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci. A 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Fatanmu abin ya iso har ajin rumfa, kowane yaro ya fara baƙi da harshen da ya sha a nono.

Abin da muka yi a garinmu

Yanzu ina cikin kwamitin lakwal na garinmu, wanda mutane suka fi sani da COGES. Uwaye ne da malamai ke zama tare a cikinsa. A 2004 aka fara a jihar Tawa, da taimakon ƙasar Japan, aikin ƙarfafa irin wannan kwamiti. Daga baya ya bazu ƙasa duka.

Shekarar da aka maido da sartifika, ƙanena ya zo mini da dare. Ya ce: "Yaya, darakta ya ce kada a rubuta sunan yaron nan bana. Ni na gaji. Gara in cire shi ya bi awaki." Na ce ya ba ni kwana uku.

Da safe na tafi lakwal. Bayan mun gaisa na ce: "Mushe, ba faɗa ya kawo ni ba. Mi ke damun yaron nan?" Ya ce: "Baba, har yanzu bai iya haɗa baƙi ba. Irinsa sun fi 20 a ajin. In na tsaya musu, waɗanda za su ci ma sai su faɗi. Ni ma awo ake yi mini." Na dube shi. Aji biyu yake riƙe a ɗaki ɗaya, ga aikin darakta. Gaskiya ya faɗa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muka kira taro a ƙofar mai gari, maza da mata. Ga abin da muka shirya.

Da fari muka gwada kowane yaro shi kaɗai, a tsanake, ba bulala, ba sifiri. A nuna masa baƙi. In ya gane, a nuna masa kalma. In ya karanta, a ba shi jimla, sa'an nan ɗan labari. Inda ya tsaya, nan ne matsayinsa. Wannan dabara daga Indiya ta fito, kuma an yi aiki da ita a lakwal da yawa na ƙasarmu. Ranar nan uwaye suka ga abin da idonsu. Akwai ƴan CM1 da ba su wuce baƙi ba.

Sai muka raba su ƙungiya-ƙungiya bisa ga matsayinsu, ba tare da duban aji ba. Masu baƙi wuri ɗaya, masu kalma wuri ɗaya. Bayan la'asar, awa guda, kwana huɗu a mako, a gindin icce. Masu taimako kuwa ƴan gari ne: samari biyu da suka yi kwaleji, da wata mata da ta gama ajin yaƙi da jahilci, da ni. Darakta ya nuna mana yadda za mu yi. Da Hausa muke farawa. Lissafi kuma da tsinke da tsakuwa.

Muka roƙi malamai a daina zama bisa ga sakamakon gwaji. Kowane mako a juya, na baya su zo gaba. Masu raunin ido da na kunne su kuwa gaba ne wurinsu kullum. Nan muka gano wata yarinya da kunnenta na hagu ya mutu tun da ta yi sanƙarau. Shekara 4 tana baya, ba wanda ya sani. Aka zamnar da ita gaba, kunnen dama yana wajen mushe.

Muka ajiye zana da itatuwan rumfa tun daga bara, don kada buɗe lakwal ya jira kaka. Kowane gida ya kawo tiya guda ta hatsi, mata suna dama kunu da safe lokacin bazara. Wani yaro da shan inna ya taɓa ƙafafunsa, maƙwabcinsu mai amalanken jaki ya ɗauki nauyin sauke shi a lakwal in za shi ɗebo ruwa.

Ba zan ce muku duka sun ci ba. Yarinyar nan mai kunne ɗaya ta ci sartifika. Ɗan ƙanena ya zamna shekara ta biyu, bai ci ba. Amma yau shi ke karanta wa ubansa takardar maganin bisashe da saƙon waya. Shi ke rubuta bashin da ake bin gidan da wanda gidan ke bi. Ba wanda ke ce masa daƙiƙi. Ƴan gaba kuma ba su rasa komi ba. Darakta da bakinsa ya ce aji ya fi daɗin koyarwa, don masu barci da masu surutu sun ragu.

Roƙona

Ku uwaye ƴan'uwana, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada mu jira CM2. Yaro in ya gama CP, ba shi takarda ya karanta maka. Ku da kuka iya Hausa yanzu, kun isa ku gane ko ya san baƙi. In bai sani ba, tafi wurin mushe tun da wuri.

Ku gwada ido da kunne a gida. Rubuta baƙi a bango da gawayi. Tsayar da yaro taki 6 daga bangon, rufe masa ido ɗaya, sa'an nan ɗayan. In wani yaro na gani shi ba ya gani, kai shi likita. Tsaya bayansa ka kira shi a hankali. In sai ka ɗaga murya yake juyowa, ko kunnensa na zubar da ruwa, kai shi likita.

Ku kiyaye bakinku. Yaron da ubansa ya ce masa daƙiƙi ya gama yarda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tun yana ɗanye ake karya shi.

In shekara ta ƙare, kada mu tsaya ga tambayar nawa suka ci. Mu ƙara uku. Nawa ne ba a kai jarabawa ba? Waɗanda suka shiga CI shekara 6 da suka wuce, ina sauran suke? Cikin waɗanda suka faɗi, nawa suka iya karanta wasiƙa?

Ku makiyaya, kun fi kowa sanin wannan magana. Ba ku kora garke da gudun babban sa. Da tafiyar maraƙi kuke tafiya. Ɗan tunkiyar da aka haifa a hanya, a kafaɗa kuke ɗaukarsa. In lokacin tashi ya yi, ku duba ko za a bar ɗan lakwal wurin dangi, ko a lakwal mai ba da abinci, har ya ƙare shekararsa.

Ku malamai, mun san nauyin da ke kanku, mun gode. Roƙonmu kaɗan ne. Ku taka zuwa bayan aji ko sau ɗaya a kowane darasi. Yaron da ya sauko daga kuskure 40 zuwa 10, ku faɗa a gaban ƴan'uwansa.

Ga hukuma kuma, muna roƙo a auna malami da tiya biyu: nawa suka ci, da nawa ya ɗago daga baya. A riƙa ƙirga yaran da ba a kai jarabawa ba. A ba aji na ɗaya da na biyu ƙwararrun malamai, kamar yadda ake ba CM2. Ma'aikatan lafiya su zaga lakwal farkon shekara su duba ido da kunne. Makaho da kurma da mai raunin hannu, a shirya musu jarabawa yadda za su iya nuna abin da suka sani.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba. Ku tattauna a dandali da wurin daka. Ku tashi taron kwamitin lakwal na garinku, ku tambayi sunayen yaran da ke zamne jikin bango.

Allah ya ba mu damana mai albarka. Allah ya raya mana ɗiyanmu, na gaba da na baya. Amin.